Maki Goma Sha Biyu a Kan Ji

Mai Zane na tsakiyar raba takardu sai ya ga Baba ya jawo kujera ya zauna a bakin tebur. Hannunsa ya tsaya cak.

"Ni na jawo shi," in ji Yaya, babbar yayar Mai Zane. "Ka ce mutum uku kake so, na ukun bai zo ba. Na riga na yi masa bayani."

Wasa ne Mai Zane ya ƙirƙiro, shekara biyu yana fama da shi in ya taso daga maɗaba'a. Kowane ɗan wasa zai ƙera mutum a takarda, ya raba masa maki goma sha biyu a kan gwaninta shida: Ƙarfi, Gudu, Baki, Gani, Ji da Dabara. Shi kuma zai zauna bayan wani kwali da ke ɓoye taswira yana ba da labari, su kuma su jefa ɗan lido a ga ko abin da suka nufa ya yiwu. Yau ne gwajin farko.

Wata takwas da suka wuce, yana kujerar baya Baba na tuƙi, ya tattaro ƙarfin hali ya ce yana so ya bar aiki ya rungumi wasan nan, yana neman albarka. Baba ko tari bai yi ba har suka iso gida. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su. Shirun ya ƙona masa rai ƙwarai, har da aka yi masa tayin komawa reshen maɗaba'ar a wani gari mai nisa, ya ƙudura zai amsa ranar Litinin.

Ɗan wasa na biyu abokinsa ne, makanike, ana ce masa Lauya don ko da inuwarsa sai ya yi musu. Ya ɗaga takardarsa.

"Wannan Ji ɗin, wane ji? Jin sauti?"

"Shi mana."

"Ba ka rubuta ba. To mutumina yana jin kowane yare. Yana jin ƙamshi daga nesa. Yana ji a jikinsa in za a cuce shi. Da maki huɗu na sayi gwaninta uku."

"Jin magana dai ko rabin maki ba ka da shi," in ji Yaya.

Mai Zane bai yi dariya ba. Shafi arba'in na dokoki, kalma mai harafi biyu ta huda su tun ba a fara ba. Yana cikin wannan juyayi idonsa ya faɗa kan takardar Baba. Sifili a ko'ina, goma sha biyu cif a gaban Ji.

"Baba, mutumin nan naka ko tsinke ba zai iya ɗagawa ba."

Baba ya dube shi sosai. "Bar shi haka."

Habaici ne, in ji zuciyar Mai Zane. Ana nuna masa shi ne ɗan da ba ya ji. Ya haɗiye abin, ya sunkuya bayan kwalinsa ya fara karantawa.

"Kun shiga kogo, fitilarku ta mutu. Baba, mutuminka ya ji motsi ta bayansa. Me zai yi?"

Shiru. Baba na juya ɗan lido a tafin hannu yana murmushi. Mai Zane ya maimaita da ƙarfi, shirun bai canza ba. Irin na ranar mota ne sak. Ya ɗago kai sama da kwalin.

"Baba, in ba ka so, ka faɗa kawai."

Baba ya zabura. "Au, an fara ne?"

Yaya ce ta fara ganewa. Ta ɗauki takardarta ta kare bakinta, ta ce da ƙarfi, "Baba, shayinka ya huce." Bai motsa ba. Ta sauke takardar, ta jira ya kalle ta, ta sake faɗa can ƙasa-ƙasa. Baba ya miƙa hannu ya ɗauki kofin. Sai da ya kai shi baki ya lura da yadda suke kallonsa, ya mayar ya ajiye.



"Tun yaushe?" in ji Yaya, hawaye na zubo mata.

"Ya kusa shekara biyu. Ƙarar injin masaƙar da na yi aiki ce ta karɓi rabonta, shekara talatin ba kwana talatin ba ce. Baki nake kallo. In na ga baki, na ji."

"Kuma ka ɓoye mana?"

"In faɗa ku ƙwace min makullin mota?" Ya taɓa takardarsa da yatsa. "Ke kika ce mutum ya zuba makinsa inda yake so."

 Mai Zane ya tuna ƙeyar Baba a mota, da nasa bakin da ke can baya inda ba mai gani. Wata takwas yana gaba da mutum a kan maganar da ba ta taɓa isa gare shi ba. Kunya ta rufe shi.

Ya ninke kwalin ya jefa ƙarƙashin tebur. Taswirar da ya yi sati uku yana ɓoyewa ta fito fili, ba wanda ya leƙa, har Lauya. Ya jawo kujerarsa ya zauna daidai gaban mahaifinsa.

"Baba, akwai maganar da nake so in yi maka."

Baba ya gyara zama, ya zuba wa bakin ɗansa ido.

"Ina jin ka," in ji shi.