Ƙwai a Kan Kabarin Rasulan

Rumfar shayina tana jingine da katangar maƙabartar ƙauyenmu, a bakin kogin Chenab, don haka abin da ke faruwa ciki ba ya wuce ni. Da sanyi diloli ne ke yawo cikin hazo. Da bazara bagaruwa ta bushe, tunku ya fito farautar macizai, kowa kuma ya zo ya yaɓe kabarin nasa da laka da ƙaiƙayi kafin ruwa ya sauka. Kabarin da ba a yaɓe ba, damina sai ta rufta shi.

Bana Baffa Nawab Din ya makara. Ranar da ya kwaɓa lakarsa ya nufi kabarin matarsa Rasulan, sai ya tarar da tatiri, tsuntsuwar nan mai dogayen ƙafafu da bakin tsiya, ta zuba ƙwai a ƙoƙuwar kabarin. A wajenmu kowa ya sani, in tatiri ta yi ƙwai a tudu, damina mai ƙarfi ce ke tafe.

Sharfu mai haƙar kabari ya ce, "Baffa, ai ita da kanta ta gaya maka ka yi sauri. Kwashe su ka ajiye gefe."

"In na taɓa su ba za ta koma ba."

"To ita za ta yi maka yaɓen?"

Baffa ya ajiye kwanon lakarsa. Kullum sai ya zo ya zauna a bencina, ya sha shayi, ya zuba wa tsuntsuwar ido, ita kuma tana ta zazzaga masa masifa daga nesa. Lakar ta bushe, ya sake kwaɓa wata. Ni dai na ga wauta ce, amma ba kabarin matata ba ne.

Tatiri ta ƙyanƙyashe ƙwan ranar da hadari ya haɗo. Kafin Baffa ya ɗauko kwanon laka, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Da aka ɗauke, gefen kabarin ya rufta, 'yan tsakin suna ta guje-guje cikin ciyawa.

Sharfu ya miƙa masa shebur. "Ka gani ko?"

Baffa ya karɓa. "Rasulan da ranta ma haka take. Sai baƙo ya ƙoshi ya tafi, sannan ta tuna da kanta."

Ya fara zuba ƙasa.