Matakalar Gidan Mai Goro

"Riƙe shi da kyau, Habibatu, rawa yake yi!"

Ina tsakiyar tsani, kwanon koko a hannu ɗaya, ƙanwata tana ƙasa ta dafe ƙafafunsa. Kwana na arba'in da ɗaya ke nan ina wannan hawan don kai wa maƙwabciyata Mma Shafa'atu abin karyawa.

Gidan nasu shi ne tsohon benen layinmu a Zongon Kumasi. Kakanta, wani fataken goro, ya gina shi, kuma a ɗakin sama aka haife ta. Da gara ta cinye matakalar katako, ɗanta Abdul-Kudus ya bugo daga Jamus ya ce a cire, a zuba ta siminti. Kafintoci da magina suka zo daga unguwar Anloga suka ce aikin sati ɗaya ne. Aka roƙe ta ta sauko kafin a fara, ta ƙi.

"Sati ɗaya dai? Ina nan. In na sauka, ɗakin nan ma sai sun taɓa shi."

Ranar da aka gama cire katakon, Gausu, ɗan wanta, ya iso daga Aboabo ya tsaya a tsakar gida yana huci. Ya ce gidan na zuri'a ne gaba ɗaya, babu mai kafa ko ƙusa sai an zauna. Magina suka kwashe kayansu. Zaman kuwa bai yiwu ba: wannan yana Accra, wancan ba ya magana da wancan.

Da na kai sama da kokon, na sami Mma a kan tabarma a baranda, tana leƙen titi ta tsakanin ƙarafa. Ƙafafunta sun kumbura.

"Rafia, wa aka yi wa suna jiya? Na ji ana kiɗa."

"Jikar Safura ce, Mma."

"Ni na yanke wa uwarta cibi." Ta sake leƙa titin. "Ko leƙawa ban yi ba."

Na ce mata maza huɗu sun yarda su sauko da ita a kan kujera.

"A rataye ni kamar buhun masara, duk layi na kallo? A'a, 'yata."

Haka muka ci gaba. Ruwa a bokiti ake ja da igiya, a bokiti ake sauke na wanka. Wata nas ta hau sau ɗaya, ta sauko tana salati, ta ce asibiti ya kamata. Abdul-Kudus kullum yana waya yana faɗa da Gausu, Gausu yana cewa shi ba da gwaggonsa yake rigima ba. Bai taɓa hawowa ba. Daga ƙasa yake ɗaga murya, "Gwaggo, ya jiki?" ita kuma ta amsa, "Da sauƙi," ba ta ko leƙo shi.

Wata Laraba da hantsi ta kama hannuna.

"Rafia, kira mazan nan. Na yarda da kujerar. So nake in taka ƙasa, in zauna a ƙofar gida in ga masu wucewa."

Na sauka da gudu. Biyu suna kasuwa, ɗaya ya tafi Atonsu. Aka tsayar da magana sai gobe bayan azahar. Da na gaya mata, ta yi murmushi ta ce in ciro mata zanenta mai ruwan ganye.

Washegari na hau da koko na tarar da ita kwance a gefen dama, carbi a hannu, jikinta ya yi sanyi.

A sama muka yi mata wanka, mu uku. Mazan da aka kira don kujera su suka ɗaure makara da igiyoyi suka zuro ta a hankali, layi ya cika maƙil ana kallo. Gausu ne ya tarbi wajen kan. Kuka yake yi har makarar tana karkata, sai da liman ya ce, "Malam, riƙe da kyau."

Bayan an dawo daga maƙabarta na hau rufe ɗakin. A bakin baranda na ga takalmanta na fita, ta goge su, ta jera su gefe da gefe.