Diddigen Alƙalin Wasa

Ciwon ya fi tsanani da sassafe. Da zarar Alƙali ya sauko da ƙafa daga gado, sai ya ji kamar ya taka ƙusa da diddige. A filin ƙwallo ya samo wannan suna, don tun yana saurayi yake busa usur a wasannin unguwa, har furfura ta cika masa kai. Bana ƙafa ta zaunar da shi.

'Yarsa ce ta matsa masa suka je wurin likitar ƙafa. Likitar ta sa ya tuɓe takalmi ya yi tafiya a tsakar ɗakin, tana tsugune tana kallon yadda yake ajiye sawu. Sannan ta danna tsakiyar diddigen da babban yatsa. Ya ja numfashi.

"Nan ne, Baba?" in ji likitar.

"Nan ne, 'yata."

"Jijiyar tafin ƙafarka ce ta gaji. Sharaɓarka ma ta ɗaure tamau, ita ke ƙara jan ta." Ta ɗauki takalminsa ta juya, ƙasansa ya cinye ta gefe guda. "Wannan ai shi ya kamata ya fara yin ritaya."

'Yarsa ta yi dariya. "Na faɗa masa. Kwana da shi ne kawai ba ya yi."

Likitar ta auna ƙafar don a yi masa shimfiɗar cikin takalmi. Ta koya masa ya dafa bango ya miƙar da ƙafa baya, ya kuma riƙa mirgina gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin tafin. Ya saurara har ta gama.

"To yaushe zan koma gudu?"

"Tafiya za ta dawo, in Allah ya yarda. Gudun wasa guda kam, ba zan yi maka alkawari ba."

Suka koma gida. Tun daga ranar bai taɓa fashin dafa bangon nan ba. Da yamma, idan hayaniyar filin ta shigo ta taga, sai ya tsaya da gorar a ƙarƙashin ƙafa. Yana kewar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa, da gumin da ke shiga ido, har da zagin 'yan kallo.

Da damina ta ja baya, ciwon ya lafa. Wata Asabar ya taka a hankali har filin. Wani tsohon tela, wanda ya yi shekaru yana kiran sa makaho daga bayan raga, ya matsa masa a benci.

"Tun da ka tafi, Alƙali, zagin ma ya daina daɗi."

Suka zauna tare har aka tashi. Da ya koma gida, 'yarsa ta tambaye shi ƙafa.

"Da sauƙi," in ji shi, yana kwance igiyar takalmi. "In mun koma, ki taya ni tambayar likitar nan, ko riƙe tuta a gefen layi ma gudu ne."