Kabarin da Ya Karkace a Birenlo

Sau uku Rafi'u ya buga ƙofar kafin a buɗe, kuma da aka buɗe ɗin ma ba hanya aka ba shi ba. Yayansa Gwadabe ya cika bakin ƙofar da faɗin kafaɗunsa, ya dube shi tun daga takalmi har hula.

"Wa kake nema?"

"Yaya, ni ne fa."

"Na ga kai ne. Wa kake nema na ce."

Kafin wannan zuwan, shekara tara rabon Rafi'u da wannan lungu na Sharafiyya. Kwanansa goma sha ɗaya ke nan a Jidda da bizar umra, kullum sai ya zo, kullum sai an kore shi, ga shi gobe da hantsi jirginsa zai tashi. Abu ɗaya ya kawo shi, wato ya ga mahaifiyarsu, Hajiya Zinariya. Ita kuwa ta rantse da Allah ba za ta sake kallon fuskarsa ba, tun ranar da aka gaya mata cewa ya binne ƙanensa Usuman a Amurka, ya juya masa fuska arewa, ya sa shi ya ba Ka'aba baya.

Yau bai zo hannu rabbana ba. Ya rungumo kankana a hammata, ga wata naɗaɗɗiyar takarda a ɗaya hannun.

Gwadabe ya yi dariyar ƙeta. "Habhab! Kankana! Shekara tara a ƙasar Nasara, tsarabar ke nan? Ko da ita za ka biya mu ran Usuman?"

"Haram alek, Yaya Gwadabe," in ji ƙanwarsu Mastura daga bayansa. "Maƙwabta duk sun leƙo ta taga. Ka bar shi ya shigo, in zagin ne ka yi masa a ciki."

Gwadabe ya ɗaga kai, ya ga labulen tagogi na motsi hawa uku. Ya matsa gefe kaɗan, yadda sai da Rafi'u ya goge shi kafin ya wuce.

Falon na nan yadda ya bar shi, sai dai kandishan ɗin ya ƙara tsufa, yana tari yana ɗiga ruwa a cikin wani bokiti. Ƙofar ɗakin Inna a buɗe take amma an saki labule. Ta ƙasan labulen ya hango ƙafafunta biyu a kan darduma, sun kumbura fiye da yadda ya san su. Ya durƙusa nan inda yake.

"Inna, ina wuni?"

Ƙafafun ba su motsa ba.

"Kada ka wahalar da bakinka," in ji Gwadabe. Ya miƙa hannu bango ya cizgo taswirar duniya, wadda ya samo a ofishin sayar da tikitin jirgi inda yake tuƙi, ya shimfiɗa ta a ƙasa ya ɗora rula. "Tunda ka shigo, bari a yi ta ta ƙare. Ga Mishigan ɗinku nan sama. Ga Makka nan ƙasa. Ko jariri ya san gabas ce, har da ɗan sunkuyawa kudu. Kai kuma da hannunka ka rubuto cewa arewa kuka fuskantar da shi. Ƙarya na yi?"

"Arewa maso gabas na rubuta."

"Da arewa a ciki ko babu?"

Rafi'u ya warware tasa takardar ya shimfiɗa a kan ta Gwadabe. Hoto ne da aka ɗauka daga sama, wanda ya karɓo a ofishin gunduma. Ya ɗaga murya yadda za ta ratsa labule.

"Inna, wannan shi ne Birenlo, inda muke zaune. Ba birni ba ne, ba kuma ƙauye ba ne, gunduma ce a gefen birni. Mil shida ne ta kowane gefe, kusurwa huɗu cif. Masu awo ne suka ja ta da sarƙa, shekara wajen ɗari da tamanin da suka wuce, lokacin nan fadama ce da daji, bayan an tashi mutanen da ke zaune a wurin tun asali. Duk mil ɗaya suka ja layi, kowane layi ya zama titi. In ba gabas da yamma ba, to kudu da arewa. A duk gundumar, rafi ɗaya ne kawai ya ƙi bin layi."

"Mastura, kawo shayi," in ji Gwadabe. "Yau darasin tarihin Nasara za mu sha."

"Manoma suka zo suka janye ruwan fadamar, suka shuka masara, suka kafa injin niƙa a bakin rafin. Matattunsu kuwa a kan wannan tudun suka riƙa binnewa, don nan kaɗai ne ruwa ba ya kwanciya. Daga baya babban titi ya ratsa, aka gina masana'antar motoci, gonaki suka zama gidaje. Sai mu muka zo, da mu da 'yan Yaman da 'yan Bangaladash. Maƙabartar dai ita ce, kuma dokarta ta tun zamanin manoma ce: kowane kabari sai ya bi layin titi."

"To me ya hana ka bi layin? Kai kudu, fuska gabas, yadda aka binne kakanninmu a Kano. Ga layi har an ja maka shi kyauta!"

"Saboda ba nan alƙibla take ba a can." Rafi'u ya ɗora yatsa a kusurwar hoton. Duk kaburburan tudun sun jeru kamar haƙoran matsefi, sai wasu 'yan kaɗan a gefe da suka karkace. "Shekara uku muna zuwa zaman majalisar gunduma kafin su yarda a karkata wannan kusurwar. Wani tsoho, jikan masu injin niƙan, ya ce mun zo ɓata musu layin kakanni. Har da masu ce mana mu koma inda muka fito. Ranar da aka kafa turakun awon alƙiblar, Inna, Usuman ne ya riƙe igiya, liman na riƙe da kamfas. Da hannunsa ya buga turke. Bayan wata huɗu motarsa ta zame a kan ƙanƙara. Shi ne na uku da aka kwantar a wurin."

Mastura ta tsaya da tiren shayi a hannu. "Usuman ne ya riƙe igiyar? Ba ka taɓa faɗa mana ba."

"Yana cikin wasiƙar. Shafi huɗu na rubuto."

Ta juya ta kalli Gwadabe. Shi ne ya karanta wa Inna wasiƙar, don Mastura Larabci kaɗai take karantawa, ba ta iya karanta Hausar boko ba.

"Na karanta abin da ya dace a ji," in ji Gwadabe. "Sauran surutu ne, irin wannan."

Rafi'u ya janyo kankanar tsakiyar falo. Ya karɓi wuƙa daga tiren Mastura, ya zaro zare daga aljihu.

"Duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar takardarka, Yaya. Ga ta nan. Wannan cibiyar ta sama ita ce ƙarshen arewa." Ya yi tsaga ƙarama. "Ga Birenlo." Ya juya kankanar, ya sake tsagawa can ɗaya gefen, ƙasa kaɗan. "Ga Makka. Riƙe bakin zaren nan ka ja ya miƙe, ka ga ta inda zai bi."

"Ban riƙe ba."

Mastura ta ajiye tire ta riƙe. Da zaren ya miƙe sai ya hau ta kafaɗar kankanar, wajen cibiya, kafin ya gangaro Makka.

"Ka tambayi fasinjojin ofishinku," in ji Rafi'u. "In jirgi ya tashi daga can zuwa Jidda, Kanada yake fara ratsawa."

Gwadabe ya fizge wuƙar, ya kafta wa kankanar sara ɗaya. Ta rabe biyu, jan ruwa ya malale a kan taswirorin.

"Ga duniyarka nan! Kai ka yi tsagar inda ka ga dama, ka ja zare, ka ce mu yi shiru. Ni za ka yi wa wayon 'yan Amurka? Shekara tara, ya akhi! Ni nake goya ta in sauko da ita hawa uku in za a je asibiti. Ni kafili, Balaraben da ya tsaya mana, yake zagi a gaban mutane in ce na gode, don kada iƙamarta, takardar zamanta, ta mutu. Kai ka tafi, bai ishe ka ba, ka aiko wa yaron nan hoton gida mai ciyawa a ƙofa har sai da ya bi ka. Ka ɗauke shi da ƙafafunsa, ko gawarsa ba ka dawo mana da ita ba."

"Babu takardar da za ta shigo da shi! Iƙamarsa ta mutu tun shekarar da ya tafi, ka fi kowa sani."

"Halas. Yalla, tashi ka fita."

Ya cafki wuyan rigar Rafi'u. Rafi'u ya miƙe ya riƙe hannunsa, suka yi cirko-cirko, Mastura na ta salati. Rafi'u ya gama zuba duk abin da ya zo da shi, kuma labulen ko motsi bai yi ba.

"Gwadabe, sake shi."

Muryar ta dushe, amma ita ce. Gwadabe ya saki.

"Kai mai kankana," in ji Inna daga bayan labule. Ba ta kira sunansa ba. "Ni ban san zare ba, ban san takarda ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. In kun tsaya salla a can, kuna kallon inda Usuman yake kallo, ta ina rana take fito muku?"

Rafi'u ya share baki. "Ta gabanmu, Inna, amma ta wajen hannun dama. Kamar tsakanin hanci da kafaɗa."



"Haka Baffana yake kwance a Sawakin," in ji ta.

Su ukun suka dubi labulen.

"Ina 'yar shekara goma sha biyu muka baro Kano. Shekara biyu muna hanya, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan akori-kura. A Kano gabas muke kallo. Muna ta tafiya limamai na ta karkata mu hagu kaɗan-kaɗan. Da muka isa bakin teku muna jiran jirgin ruwa, zazzaɓi ya ɗauke Baffa. Mutanen garin suka haƙa kabari a karkace. Kawuna Muntaka ya tuɓe riga ya shiga ramin, ya ce sai dai a binne su tare, ba za a kwantar da ɗan'uwansa ba sai kai kudu fuska gabas, yadda ake yi a gida. Sai da wani matuƙin jirgi ya kamo hannunsa ya nuna masa teku, ya ce, kai Takaruni, mutumin yamma, ga Makka can, mu da muke zuwa kullum mun fi ka sanin inda take. Da asuba na je na tsaya a kan kabarin. Rana ta fito mini tsakanin hanci da kafaɗa."

"Inna, Sawakin daban, Amurka daban," in ji Gwadabe.

"Ƙila. Amma kai cewa ka yi ya ba Ka'aba baya. Ba ka ce mini yaron da kansa ya buga turke ba. Shafi huɗu, Gwadabe, ka ba ni layi ɗaya, na ɗora rantsuwa a kai shekara biyu."

"Don lafiyarki na yi."

"Na ji. Mastura!"

"Na'am, Ummi."

"Shinkafa nawa ce a gidan nan? Ɗora ta mutum goma, ki sa nama. Ki leƙa bakin masallaci ki kirawo masu shara da masu dako, in ba su cika goma ba ki ƙara da matan da ke sayar da gyaɗa a ƙarƙashin gada. Su ci yanzu, su dawo gobe su ƙara. Kaffara zan yi."

Gwadabe ya sunkuya ya ɗauki makullin motarsa, ya taka taswirar Birenlo da takalmi ya wuce. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Gobe jirginsa zai tashi, Inna. Jibi in ƙafar ta tashi, ki kira zare ya goya ki."

Ya buga ƙofar har bokitin kandishan ya girgiza.

Hannu ya fito ya kama gefen labulen, ya ja shi a hankali. Rafi'u ya zube a kan gwiwoyinsa. Ta rame a fuska, idonta ɗaya ya yi fari. Ta daɗe tana kallonsa da ɗayan, babu murmushi.

"Ka yi furfura," ta ce. "Kada ka ɗauka na huce. Maganar da yayanka ya faɗa ta goyo gaskiya ce, kuma da ita za ka koma." Ta nuna taswirar Birenlo da haɓa. "Goge ruwan kankanar nan ka matso da ita. Ɗora mini yatsana a kan kabarinsa."