Kwamfutar Auta Ta Daina Magana

Mai walda bai san komai a kan kwamfuta ba, bai kuma taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Abin da ya sani shi ne baƙin akwatin nan da ya rungumo yake hawa benen kasuwa da shi, da shi ƙanensa ke cin abinci.

Ƙanen nasa, Auta, ya makance tun ciwon da ya yi yana saurayi. Wani kamfani kan turo masa hirarrakin da aka naɗa, ya saurara ya buga su a rubuce, kwamfutar tana karanta masa duk abin da yatsunsa suka taɓa. Kwanan nan sai ta tsiri wani hali. Tana cikin magana ta ɗauke wuta, ta bar shi zaune da hannu a kan madannai. Kamfanin sun yi haƙuri har sun gaji, suka ce in aiki bai zo ranar Litinin ba, wani za su ba. In kuwa aka yi haka, Auta zai koma kan kujerar bakin ƙofa da ya yi shekaru a kai ba ya ce wa kowa uffan.

Shagon gyaran ɗan tsukuku ne, wayoyi ko'ina. Mace ya tarar a ciki da tabarau a goshi.

"Ina mai shagon?"

"Ita kake kallo, Malam. Ina allon kwamfutar?"

"Allon me? Mai ita ba ya gani."

Ta ɗago ta dube shi, ta sauke tabarau. Ta jona nata allon, ta kunna, ta yi 'yan latse-latse. Ta ce babbar manhajar da ke tafiyar da komai ce ta tsufa ta lalace, sai dai a ɗora sabuwa.

"A yi mata faci mana."

Ta dubi hujojin ƙuna da ke rigarsa. "In tsatsa ta ci ƙarfe har ciki, walda na kama shi?"

Ya san amsar. Ba ta kamawa.

Sai da ta kwashe aikin Auta a wani ɗan abin ajiya, ta buɗe ta tabbatar ya kwafu, sannan ta saki sabuwar manhajar. Ya zauna a kan benci har ƙafarsa ta yi sanyi. Can allo ya kawo garau, da hoton wasu duwatsu. Ya miƙe yana kaɗe wando.

"Madalla. Ta yi kyau."

"Wa zai ga kyan? Zauna."

Ta juya allon ya fuskanci bango, ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa, ta ɗora yatsu a madannai, ta kasa kunne. Tsit.

"Ka ji? Da ta tashi take tambayar wani abu a rubuce, ba ta faɗa da baki. Da haka ka kai masa, da cewa zai yi mun ƙarasa ta."

Ta juyo da allon ta gyara, ta sake mayar da shi bango. Haka ta dinga yi, ta ɓace, ta ja tsaki, ta koma farko. Wani ya leƙo da waya a hannu, ta ce ya dawo gobe. Mai walda ya zuba mata ido. Shi ma ba ya sallamar gadon ƙarfe sai ya hau ya yi tsalle a kai, amma bai taɓa ganin mai ido ya hana kansa gani don aikin wani ya yi kyau ba.

"Kira min shi," in ji ta.

Ya kira Auta, ta kara wayar a lasifika, muryar kwamfutar tana karatu.

"Wannan ai gyangyaɗi take," in ji Auta. "Ƙara mata gudu, Malama."

Ta yi ta ƙarawa har mai walda ya daina tsintar ko kalma ɗaya.

"Yawwa, nan!"

"Kai Auta, wannan kake ji?"

"Yaya, ai ka fi ta sauri in kana faɗa."

Ta yi dariya, ta gaya wa Auta madannan da aikinsu ya canza, ta sa ya maimaita har ya zauna masa.

A gida Auta bai bari an taɓa masa ko waya ɗaya ba. Shi ya laluba ya jona komai, ya kunna. Murya ta gaishe shi.

"Muryar ma ta mace ce," in ji mai walda. "To, ka samu mai yi maka surutu."

Auta ya saƙala abin ji a kunne, yatsunsa suka fara zuba. Mai walda ya tsaya a bayansa yana jiran inda za ta ɗauke. Ya jira, ya ƙara jira. Yatsun ba su tsaya ba.

"Yaya," in ji Auta bai ko juyo ba, "numfashinka na shiga min aiki. Fita ka ja min ƙofa."