Ƙaya ga Kabarin Haliru

Inna Tambaya ta yi ta juya takardar har Atiku ya kama hannunta ya daidaita mata sama da ƙasa.

Atiku abokin ɗanta Haliru ne, tare sunka tafi karatu Rasha. Shi ya dawo da ƙafafunshi, Haliru ciwon haƙarƙari ya ajiye shi can. Tun daga Tambuwal yaron ya hawo babur zuwa Kebbe don ya nuna mata inda anka binne shi. Hoto babu, wai sanyi ya kashe wayarshi ranar. Shi ne ya zana mata da fensir.

"Wanga farin fa? Auduga?"

"A'a, Inna."

"To rairayi na. Cikin gulbi kunka sa min ɗa, duk bokonku? Ruwan farko na sauka sai ya tafi da shi."

"Ƙanƙara ce, Inna. Daga sama take zuba ta rufe ƙasa. In zafi ya zo sai ta narke."

"Ruwa dai ke nan."



Ta kawo takardar kusa da idonta mai gani. Itatuwa tsaye ba ganye kamar an yi gobara. Ba sawun saniya, ba hayaƙin murhu, ko akuyar da za ta ɓata hanya ta bi ta wurin babu. Can gefe ɗan tudu shi kaɗai.

"Ina gabas?"

Ya nuna. Ta shimfiɗa takardar bisa tabarma, ta juya ta har gabas ɗinta ya yi daidai da na ɗakin. Ta duba kwanciyar tudun, ta gyaɗa kai. Wannan kam ba su yi shirme ba.

"Dajin ga akwai kura?"

"Babu kura. Sai kyarkeci."

"Shina tono?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ban ga ƙaya ba, Atiku. Haka kunka bar shi fili?"

"Inna, ƙasar ba ta da ƙaya. Wallahi mun nema. Hannuwanmu ma ba su lanƙwasuwa."

 Ta sa yatsa ta zaro fensirin daga aljihun rigarshi, ta miƙa mishi.

"Sa mishi."

Ya duƙa yana zana ƙaya bisa tudun, hanci na zuba.

"Ta aduwa," in ji Tambaya. "Ƙara ta wajen kai."