Sai An Tambayi Solveig Sau Uku

Tsoho Tollefsrud ya rasu bai bar wasiyya ba, bai kuma naɗa wanda zai kula da abin da ya bari ba. Mutumin da ba abin da bai iya gyarawa da hannunsa, takarda guda ta gagare shi. Sai kotu ta aiko wa 'ya'yansa uku da tambaya a rubuce: wa zai karɓi riƙon dukiyar?

Solveig, babbarsu, tana so har cikin ranta. Ɗan gidan katakon nan na bakin tafki, inda babansu ya koya musu kamun kifi, shi ne damuwarta, don in bare ya riƙe sayarwa zai yi a raba. Amma a wannan yanki na Minnesota, ko kofi aka miƙa maka sai ka ƙi sau biyu, a na uku ka karɓa kamar an yi maka dole. Saboda haka ta sa hannu a gurbin "ba na so", tana jiran a sake tambaya. Ƙannenta Arvid da Gunvor ma suka ƙi, su kam da gaske suke.

Takardar kotu kuwa sau ɗaya take tambaya.

Ranar zama, alƙalin, wanda ba ɗan yankin ba ne, ya ce tunda duk sun ƙi, zai naɗa wani lauya. 

"Yaya, buɗe baki mana," in ji Gunvor tana zungurin Solveig.

"In ce me? Ni kaina zan roƙa? Haba."

Sai tsohuwar magatakardar kotun, wadda ta san kowa tun yana goye, ta matsa ta raɗa wa alƙali wata magana. Ya dube ta, ya dubi Solveig, ya gyara tabarau.

"Malama Solveig, za ki karɓa?"

"Ranka ya daɗe, Arvid ya fi ni sanin takardu."

Arvid, wanda ko wasiƙar bara bai buɗe ba, ya kama kallon rufi.

Magatakarda ta ɗaga yatsu uku. Alƙali ya ja numfashi, ya sake tambaya, ta uku ke nan in an haɗa da ta takarda.

"To," in ji Solveig, "in dai ba wanda yake so."

Kafin a miƙo mata biro ta zaro nata daga aljihu. Tun daga gida murfinsa a cire yake.